Kumburin huhu na shaƙar ƙura a wurin aiki

Kumburin huhu na shaƙar ƙura cuta ce da ke kama mutum idan ya daɗe yana shaƙar ƙurar da ta fito daga tsirrai, tsuntsaye, funfuna ko wasu sinadarai, har garkuwar jikinsa ta fara yaƙar wannan ƙura fiye da kima. Wannan yaƙi ne ke kumbura ƙananan jakunkunan iska na huhu da siraran hanyoyin da ke kai iska cikinsu. Galibi ana samun cutar a wurin sana'a, musamman a tsakanin manoma, masu kiwon kaji da tantabaru, masu aikin hatsi, masu aikin katako, masu feshin fenti da ma'aikatan masana'antun ƙarfe. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Idan aka gano ta da wuri kuma mai ita ya nisanci abin da ke tayar da ita, huhu na iya komawa daidai. Idan aka bar ta ta daɗe, tana iya barin tabon da ba ya warkewa, wanda kan kai ga gazawar numfashi.

Suna

Likitoci suna sa cutar cikin rukunin da suke kira nimonaitis. Kalmar ta samo asali ne daga harshen Girka, inda kashinta na farko ke nufin huhu, ɗafa-ƙeyarta kuma ke nufin kumburi. Sunan ya yi kama da nimoniya, amma akwai bambanci: nimoniya ƙwayar cuta ce ke shiga huhu ta hayayyafa, a nan kuwa jiki ne ke yi wa kansa lahani wajen mayar da martani. Tsohon sunan da aka fi amfani da shi a Birtaniya yana nufin kumburin jakunkunan iska da wani abu na waje ya tayar.

Ire-iren cutar sun sami sunayensu daga sana'o'in da aka fara ganinsu a ciki. Shi ya sa ake da huhun manomi, huhun mai kiwon tsuntsaye, huhun mai wanke cuku da sauransu. Duk da yawan sunayen, hanyar da cutar ke bi a jiki iri ɗaya ce.

Tarihi

Bernardino Ramazzini, likitan ƙasar Italiya da ake ɗauka a matsayin uban ilimin cututtukan sana'a, yana cikin na farko da suka rubuta bayani a kan wannan matsala. A littafinsa kan cututtukan ma'aikata, wanda ya fito a shekarar 1700 aka kuma faɗaɗa shi a 1713, ya bayyana yadda masu tankaɗe hatsi da masu aunawa ke fama da tari da haki saboda ƙurar hatsi. Shi ne kuma ya ba likitoci shawarar su riƙa tambayar marar lafiya sana'arsa.

A shekarar 1932 likita J. M. Campbell ya ba da rahoton wasu ma'aikatan gona a yankin Westmorland na Ingila da suka kamu da ciwon ƙirji bayan sun yi aiki da ingiricin da ya yi funfuna. Wannan ne bayani na farko na zamani kan huhun manomi. A 1941 aka bayyana irin wannan ciwo a jihar Luwiziyana ta Amurka a wurin masu aiki da busasshen sauran rake bayan an matse ruwansa. A farkon shekarun 1960 Jack Pepys da abokan aikinsa a Landan suka nuna cewa jinin masu huhun manomi na ɗauke da sinadaran garkuwa da ke yaƙar wasu bakteriya masu son zafi da ke girma a cikin ruɓaɓɓen ingirici. A 1965 aka bayyana nau'in masu kiwon tantabara a Amurka. Daga baya masu bincike a Japan suka gano wani nau'i da ke tasowa lokacin zafi a tsofaffin gidajen katako masu danshi, suka kuma danganta shi da naman gwari mai suna Trichosporon.

Abubuwan da ke haddasa ta

An gano ɗaruruwan abubuwa da ke iya tayar da cutar. Ana kasa su gida uku: ƙananan halittu kamar bakteriya da funfuna, sinadaran furotin na dabbobi da tsirrai, da sinadaran masana'antu. Waɗanda aka fi sani sun haɗa da:

Huhun manomi: yana fitowa daga ingirici, kara ko hatsin da aka adana da danshi. Babbar mai haddasa shi ita ce bakteriyar Saccharopolyspora rectivirgula. Idan aka tara ciyawa alhali ruwan jikinta ya kai kashi 30 cikin 100 ko fiye, takan yi zafi daga ciki har ta wuce digiri 50 a ma'aunin Salsiyos, kuma a irin wannan zafi ne bakteriyar ke bunƙasa. Ranar da aka buɗe damin sai ƙwayoyinta su tashi da ƙura.

Huhun mai kiwon tsuntsaye: yana fitowa daga furotin da ke cikin busasshen kashin tsuntsu, gashinsa da farar hodar da ke jikin fiffike. An fi ganin sa a wurin masu tantabara, aku da ƙananan tsuntsayen keji, haka ma masu aiki a gidan kaji. Matashin kai ko bargon da aka cika da gashin tsuntsu ma na iya jawo shi.

Ciwon masu aikin rake: yana fitowa daga sauran rake da aka jibge ya yi funfuna, kuma an danganta shi da bakteriyar Thermoactinomyces sacchari.

Huhun masu tsirar da sha'ir: an fi bayyana shi a Sikotilan, daga funfunar Aspergillus clavatus.

Ciwon masu aikin ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi: an fi sanin sa a Fotugal.

Huhun mai wanke cuku, da na masu noman laimar kwaɗi, da na masu aikin katakon da ya yi funfuna.

Ciwon masu aikin injin yankan ƙarfe: ruwan da ake fesawa don sanyaya ƙarfe yakan gurɓace da ƙwayoyi irin su Mycobacterium immunogenum, sai ma'aikata su shaƙi tururinsa. An sami ɓarkewar irin wannan a masana'antun mota na Amurka a shekarun 1990, da kuma a wata masana'antar injin mota a Birmingham ta Ingila tsakanin 2003 da 2004.

Sinadarai: mafi shahara su ne aisosayanet, waɗanda ake amfani da su wajen haɗa fentin mota, soson katifa, gam da wasu robobi.

Na'urorin sanyaya ɗaki da masu ƙara danshin iska su ma sukan zama matattarar funfuna idan ba a tsabtace su.

Yadda cutar ke kama huhu

Hanci da maƙogwaro suna tare ƙura mai kauri, tari da majina kuma su fitar da ita. Ƙurar da girmanta bai kai maikuromita 5 ba ita ce ke wucewa har cikin jakunkunan iska, inda iskar oksijin ke shiga jini. A karon farko mutum ba ya jin komai, amma garkuwar jikinsa tana gane abin ta riƙe shi. Idan ya ci gaba da shaƙa, jiki yakan ƙera sinadaran garkuwa da ke manne wa ƙurar, fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait kuma su taru a bangon jakunkunan iska. Bangon sai ya yi kauri, oksijin ya riƙa wahalar ratsawa. A wasu wurare ƙwayoyin garkuwa kan dunƙule su zama ƙananan ƙulle-ƙulle da ake gani da madubin likita.

Idan kumburin ya yi ta maimaituwa tsawon watanni ko shekaru, jiki yakan maye gurbin lallausan naman huhu da tabo mai tauri. Huhun da ya yi tabo ba ya buɗewa sosai, kuma wannan lahani ba ya komawa baya.

Ba duk wanda ya shaƙi ƙurar ke kamuwa ba. Mutum goma za su iya aiki a rumbu ɗaya, ɗaya kawai ya kamu. Yawan ƙurar, tsawon lokacin da aka ɗauka ana shaƙa, gado da kamuwa da wasu cututtukan bairos duk suna da tasiri. An lura cewa cutar ta fi kama waɗanda ba sa shan taba, saboda nikotin na danne wasu ƙwayoyin garkuwa na huhu. Sai dai idan mai shan taba ya kamu, cutarsa ta fi muni kuma ta fi saurin kaiwa ga tabo.

Alamomi

Alamomin sun danganta ne da yawan ƙurar da yadda ake shaƙarta.

Wanda ya shaƙi ƙura mai yawa a lokaci guda yakan fara jin ciwo bayan awa 4 zuwa 8. Zazzaɓi yakan zo da rawar sanyi, ciwon jiki, ciwon kai, busasshen tari, nauyin ƙirji da haki. Idan ya nisanci wurin, alamomin sukan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, su dawo idan ya koma aiki. Saboda wannan tazara ta sa'o'i, mutum yakan yi aiki da safe ciwo ya taso masa da yamma a gida, don haka ba kasafai yake danganta shi da aikin ba.

Wanda ke shaƙar ƙura kaɗan-kaɗan kullum, kamar mai ajiye tsuntsaye a cikin gida, sau da yawa ba ya yin zazzaɓi. Abin da yake gani shi ne tarin da ya ƙi tafiya, gajiya, rashin cin abinci, rama, da hakin da ke ƙaruwa sannu a hankali. Da farko hakin na zuwa ne wajen hawa tudu ko ɗaukar kaya, daga baya har a tafiya ta yau da kullum.

Idan likita ya saurari ƙirji yakan ji wata ƙaramar ƙara a ƙasan huhu lokacin jan numfashi, kamar ana murza gashi kusa da kunne. A wanda cutar ta daɗe, kan yatsu na iya yin faɗi farce ya lanƙwashe, leɓe kuma ya yi duhu saboda ƙarancin oksijin.

Rabe-rabe

A da ana raba cutar gida uku bisa tsawon lokaci: mai zuwa farat ɗaya, matsakaiciya, da mai daɗewa. Wannan rabo bai cika nuna makomar marar lafiya ba, domin iyakokin suna shiga juna. A shekarar 2020 ƙungiyoyin likitocin ƙirji na Amurka, Japan da Latin Amurka suka fitar da ƙa'idar haɗin gwiwa da ta raba ta gida biyu: wadda ba ta da tabo da wadda ke da tabo. Samuwar tabo ita ce babbar alamar da ke nuna yadda cutar za ta kasance nan gaba.

Gano cutar

Babu gwaji guda da ke tabbatar da cutar shi kaɗai. Likitoci suna haɗa bayanai daga wurare da dama.

Na farko kuma mafi muhimmanci shi ne tarihin marar lafiya: wace sana'a yake yi, me yake taɓawa, akwai tsuntsaye a gida, ɗakinsa na yoyo ko danshi, kuma yana samun sauƙi idan ya yi tafiya ko ya huta daga aiki. Duk da haka, a kusan rabin masu nau'in tabo ba a iya gano abin da ya tayar da cutar.

Hoton ƙirji na yau da kullum yana iya fitowa lafiya ƙalau ko da cutar na nan. Hoton siti sikan mai zurfi ya fi nuna ta: ana ganin wurare masu kama da hazo, ƙananan ɗigo-ɗigo, da wuraren da iska ta maƙale, huhun ya zama dabbare-dabbare. A nau'in tabo ana ganin zare-zare da ramuka masu kama da saƙar zuma.

Gwajin ƙarfin numfashi yakan nuna cewa yawan iskar da huhu ke ɗauka ya ragu, haka ma yadda iska ke ratsawa zuwa jini. Gwajin jini na iya nuna sinadaran garkuwa da ke yaƙar wani abu takamaimai, amma wannan shaida ce kawai ta cewa mutum ya taɓa shaƙar abin, domin manoma da masu tantabara da yawa suna da su ba tare da ciwo ba. Wani lokaci ana zura siririn bututu mai kyamara cikin huhu a wanko wani ɓangare da ruwan gishiri. Idan limfosait suka kai kashi 30 cikin 100 ko fiye na ƙwayoyin da aka samu, hakan na ƙarfafa zaton cutar. Idan har yanzu akwai shakka, ana iya gutsuro ɗan naman huhu a duba.

Cututtukan da ke kama da ita

Nau'in da ke zuwa farat ɗaya yana kama da mura mai tsanani, nimoniya ko zazzaɓin cizon sauro. Nau'in da ke daɗewa yana kama da tarin fuka, saboda tari da rama. A ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa dole ne a fara gwada majina a kawar da shi, musamman da yake maganin da ake ba wa mai kumburin huhu yana danne garkuwar jiki, kuma yana iya tsananta tarin fukan da ba a gano ba.

Akwai kuma wasu cututtukan sana'a da ake rikita su da ita. Asma ta wurin aiki tana matse hanyoyin iska ne, tana zuwa da shesshekar ƙirji. Cutar ƙurar auduga tana kama ma'aikatan masaƙu, kuma an san ta da nauyin ƙirji a ranar farko ta komawa aiki bayan hutun mako. Zazzaɓin gubar ƙura yana iya kama duk wanda ya shaƙi ƙurar funfuna mai yawa ko da karon farko ne, kuma yakan wuce ba tare da barin tabo ba. Cutar ƙurar dutse kuwa tana kama masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai, kuma ƙurar ma'adini ce ke jawo ta.

Magani

Babban magani shi ne rabuwa da abin da ke tayar da cutar. Wannan na iya nufin fitar da tsuntsaye daga gida, gyara rufin da ke yoyo, sauya wurin aiki a cikin masana'anta, ko barin sana'ar gaba ɗaya. Furotin na tsuntsaye yakan daɗe a cikin ɗaki watanni da yawa bayan an fitar da su, don haka sai an yi wa wurin shara da wanki sosai, kuma ba marar lafiyan ne zai yi aikin ba.

Idan ciwon ya yi tsanani likita yakan ba da maganin rage kumburi na rukunin sitiroyid, kamar firednisolon, a riƙa rage shi sannu a hankali. Wani bincike da aka yi a Finlan kan masu huhun manomi ya nuna cewa maganin na hanzarta samun sauƙi, amma bayan shekaru ba a ga bambanci a ƙarfin huhu tsakanin waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba. Shan sa na dogon lokaci ba tare da kulawar likita ba na iya jawo hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi. Ga masu buƙatar magani na tsawon lokaci ana amfani da maikofenolet ko azatiyofirin. Idan tabo na ci gaba da yaɗuwa, akwai nintedanib, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2020 don irin waɗannan cututtuka. Yana rage saurin lalacewar huhu, amma ba ya goge tabon da ya riga ya samu.

Sauran hanyoyin taimako sun haɗa da ba da oksijin, motsa jiki na musamman don ƙarfafa numfashi, allurar rigakafin mura da nimoniya, da daina shan taba. A mataki na ƙarshe wasu kan buƙaci dashen huhu.

Makomar mai cutar

Mafi yawan waɗanda aka gano kafin tabo ya samu suna warkewa ko su sami sauƙi mai yawa idan sun nisanci ƙurar. Masu tabo kuwa cutarsu na iya ci gaba ko da sun bar aikin, kuma tana rage tsawon rai. Waɗanda ba a gano abin da ya tayar musu da cutar ba sun fi shiga haɗari, domin suna iya ci gaba da shaƙarsa ba su sani ba. Babbar matsalar da likitoci ke fuskanta ita ce ta abin rayuwa: manomi ko mai kiwon kaji ba ya iya barin sana'ar da yake ciyar da iyali da ita cikin sauƙi, don haka da yawa sukan koma aiki da zarar sun ji dama.

Rigakafi

Rigakafi ya dogara ne kan hana funfuna tasowa da kuma rage ƙurar da ke shiga hanci. Matakan da aka sani sun haɗa da:

Busar da ciyawa, harawa da hatsi sosai kafin a adana, da ɗora su a kan abin da zai raba su da ƙasa, a wurin da ruwa ba ya taɓa su.

Buɗe dami ko buhun da ya yi funfuna a fili, mutum ya tsaya ta inda iska ke busowa, kuma a yayyafa ruwa kafin a motsa shi.

Samar da tagogi da fankar fitar da iska a gidan kaji, wurin niƙa, wurin aikin katako da wurin fenti.

Jiƙa ƙasa kafin share akurki ko ɗakin tantabara, da cire kayan aiki kafin shiga ɗakin kwana.

Sauya ruwan injinan yankan ƙarfe da tsabtace na'urorin sanyaya ɗaki a kan kari.

Sa takunkumin da aka ƙera don tace ƙananan ƙura, wanda ke kama fuska sosai. Ɗaure hanci da ƙyalle ko rawani yana tare ƙura mai kauri ne kawai. Masu feshin fenti mai aisosayanet suna buƙatar abin rufe fuska mai kawo iska mai tsabta daga waje.

Sana'o'in da abin ya shafa a ƙasar Hausa

Yawancin ayyukan da ke jawo wannan cuta a wasu ƙasashe ana yin irinsu a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Bayan kaka ana tara harawar wake da ta gyaɗa a kan rufi, bishiya ko cikin ɗaki don ciyar da dabbobi da rani, kuma idan ruwan ƙarshen damina ya taɓa su sukan yi funfuna. Sussuka, casa da shiƙa suna tayar da ƙura da ƙaiƙayi, haka ma kwashe hatsi daga rumbu da aikin injin niƙa a ɗaki marar taga. Kiwon tantabara a tsakar gida tsohuwar al'ada ce, gidajen kaji na kasuwanci kuma suna ƙaruwa a gefen birane. Akwai kuma kafintoci, masu fentin mota da ma'aikatan kamfanonin soso. Duk wanda ke irin waɗannan ayyuka, idan ya ga zazzaɓi da haki na dawo masa sa'o'i bayan aiki, ko tarinsa ya wuce mako biyu, ya kamata ya je asibiti ya kuma faɗa wa likita ainihin aikin da yake yi.

Doka da diyya

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan sana'a da ta sabunta a shekarar 2010. Birtaniya ta amince da huhun manomi a matsayin cutar da ake biyan diyya a kanta tun 1965. A Najeriya, dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan ma'aikacin da ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aikinsa, kuma asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, NSITF, ne ke gudanar da tsarin.